Kwalbar Kaka Batulu

"Kwalbar Kaka me take yi a jakarka?"

Sha'aban ya tsaya cak da kofunan shayi biyu a hannu. A wani ɗan shagon shan kofi suke a kan Oxford Road a Manchester, ranar Asabar da hantsi. Amal ta taso takanas daga Birmingham don su zaɓi katin gayyata, saura wata biyu ɗaurin aurensu. Biro kawai ta sa hannu za ta ɗauka a jakarsa, sai ta ci karo da kwalba mai shuɗin murfi, wadda ko a mafarki ta gan ta za ta gane ta.

An kankare kwalbar tas. A ƙarƙashinta akwai takarda da rubutun hannunsa: man kaɗe, hulba, kanumfari, habbatussauda, kowanne da lamba a gefe, sai layin ƙarshe da ya bari da alamar tambaya. Ga kuma tikitin jirgin ƙasa guda huɗu zuwa Birmingham, duk na ranar Laraba, ranar da Amal ke yini a shago.

"Zauna tukuna, Amal tawa..."

"Ba zan zauna ba. Wa ya ba ka?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Me yake kai ka gidanmu ran Laraba, behind my back?"

"Alƙawari na yi. Ki yarda da ni, zuciyata, wallahi ba cutar ku nake nufi ba."

Wannan "ki yarda da ni" ɗin shi ya ƙara tunzura ta. Sha'aban ɗan Katsina ne, yana shekarar ƙarshe ta digirinsa na uku a ilimin haɗa sinadarai. Zai iya kwashe awa guda yana yi maka bayanin abin da ke cikin sabulu, amma a tambaye shi abin da ke ransa, sai ya hau kallon takalminsa. Yau ma takalmin ya kalla. Amal ta jefa kwalbar da takardar a jakarta, ta bar shi tsaye da shayinsa.

Wanda bai san tarihin kwalbar ba zai ce rigima ce kawai irin ta 'yan mata. To ba haka ba ne.

Kakarta, Hajiya Batulu, ta zo Ingila a 1964 tana da shekara ashirin, ta biyo mijinta da ya zo karatu. A lokacin za ka ga takarda manne a tagar gidan haya, an rubuta ba a karɓar baƙar fata. Ranar da ta fara shiga shagon gyaran gashi, mai shagon ta dubi kanta ta ce su ba sa taɓa irin wannan gashin, sannan ta ɗauko tsumma ta goge kujerar da Batulu ta dafa. Ba ta yi kuka ba sai da ta koma gida. Kafin wata ya ƙare ta mayar da ɗan kicin ɗinsu na unguwar Balsall Heath a Birmingham wajen kitso. Ma'aikatan asibiti 'yan Jamaika, matan ɗalibai daga Ghana da Najeriya, masu karɓar kuɗi a bas, duk ta ƙofar baya suke shigo mata. Wata daga cikinsu ce ta ba ta labarin matan baƙaƙen Amurka, waɗanda a tsakiyar wariyar launin fata suke bin gida-gida da jakar man gashi har suka tsaya da ƙafafunsu. Batulu ta ce in su sun yi, ita ma za ta yi.

Haka man Kaka ya samo asali, kuma da dokarsa ya zo. Ba a rubuta shi. Ana haɗa komai a gaban kowa, amma abu na ƙarshe Kaka ita kaɗai ke zubawa, bayan ta rufe ƙofar kicin, kuma ta ce ba za ta faɗe shi ba sai ga 'yar gida, ranar da aka sa mata lallen aure. Dalili kuwa, an taɓa yin wani mai kantin magani da ya riƙa zuwa da furanni da daɗin baki, ashe kwaikwayon man yake son yi. Tun daga nan Kaka ba ta yarda da duk mai biro a kusa da tukunyarta ba.

Mahaifiyar Amal, Suwaiba, ta ƙi sana'ar tun tana yarinya, ta ce ita ƙaurin gashi ya ishe ta, ta tafi aikin jinya. Amal ce ta ɗauka. Ita ta buɗe ɗan shago, ita ta kai man intanet. Shekara biyu ke nan tsofaffin masu saye suna cewa ƙamshin ya canja, gashi ba ya laushi kamar da. Amal ta canja mai kawo musu man kaɗe har sau uku, abin bai gyaru ba. Kwalba ɗaya tak ta rage daga haɗin da, a can saman kabad ɗin Kaka, ita ce yau ta tsinta a jakar Sha'aban babu ko ɗigo.

A jirgin komawa gida ta zauna tana tone-tone, kuma zuciya in ta fara zargi ba ta rasa hujja. Ta tuna ranar da suka haɗu, a wani taron 'yan Najeriya a Manchester inda ta kasa kaya. Tambayar farko da ya yi mata ba sunanta ba ne, cewa ya yi mene ne a cikin man nan. Sau nawa ta ba ƙawayenta labarin tana dariya. Ta tuna watan jiya ya ce wani kamfanin kayan kwalliya ya kira shi ganawar neman aiki, har ta taya shi zaɓen riga. Ta tuna yadda yake zama a ƙasa kusa da ƙafar Kaka yana tambayarta labarin da, Kaka na kiransa angona tana ba shi goro. Duk abin da ya sa ta so shi, yau ya juye ya zama shaida a kansa. Ta jingina goshi da taga, tana son sa tana jin haushin kanta da take son sa.

Da ta isa gida ta ba ta labari, Suwaiba ba ta yi mamaki ba, abin da ya fi ƙona wa Amal rai ke nan. Ta ce dama maƙwabciyarsu ta taɓa gaya mata ta ga yaron nan yana shiga gidan da rana, ta ɗauka idon tsufa ne.

"Visa ɗinsa yaushe za ta ƙare?"

"Mum, don Allah..."

"Tambaya na yi. Yaushe?"

"January."

"To. Ga aure, ga takardar zama a ƙasa, ga formula da zai shiga da ita interview. Ni dai na gaya miki tun farko, shirun nan nasa ya yi yawa."

Amal ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai ta ji daga bakin Kaka. Ta same ta a falo da carbi a hannu, talabijin na ta yi ba mai kallo. Ta durƙusa ta tambaye ta a hankali ko Sha'aban yana zuwa ranar Laraba, ko ita ta ba shi wani abu.

Kaka ta ci gaba da jan carbinta.

"Angona? Rabona da shi tun da ya kawo mini dabino da azumi."

Ba ta dubi Amal ba da ta faɗa. Amal ta lura da haka, amma ta fassara shi yadda ranta ya so. Wato ma lallaɓowa yake yi tsohuwa na barcin rana, tunda ya san inda suke ajiye makulli.

Amal a Ingila aka haife ta, kuma ɗan Ingila in an cuce shi ba ya neman dattijo, wasiƙa yake rubutawa. Ranar Lahadi da rana ta zauna ta rubuta wa malamar da ke duba aikin Sha'aban a jami'a. Ta ce ɗalibinsu ya ɗauke kayan sana'ar iyalinta ba da izini ba, yana bincikensa da na'urorin jami'a, kuma tana zargin zai kai wa kamfani. Ta haɗa da hoton takardar. Turancin ya fita tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Ta danna aikawa.

Ranar Litinin da yamma saƙonsa ya shigo. Ya ce an hana shi shiga ɗakin bincike, an kira shi zama ranar Juma'a, kuma ƙila abin ya taɓa tallafin karatunsa. A ƙarshe ya rubuta: "Na ga abin da kika rubuta. Allah ya huci zuciyarki." Bai kare kansa da kalma ɗaya ba. Suwaiba ta ce ai mai gaskiya da ya yi ta rantsuwa. Amal ta karanta saƙon ya fi sau ashirin tana neman inda ƙaryar take, ba ta gani ba, ba ta kuma fasa nema ba.

Laraba ranar haɗin mai ce ta wannan watan, don haka ba ta je shago ba. Ita da Kaka suka narka man kaɗe, suka zuba hulba da sauran kaya, gidan ya ɗauki ƙamshi. Da aka zo gaɓar ƙarshe Kaka ta kore ta kamar kullum, har da tsokanar cewa 'yar da ba ta shiga lalle ba ba ta isa ganin manya ba. Ta rufe ƙofa.

Amal ta fita bayan gida kwashe shanya, don hadari ya haɗo. Shekara takwas tana wannan aikin ba ta taɓa leƙa tagar kicin ba. Amma a satin nan ta zama mai zargin kowa, har iska. Ta ɗaga kai.

Kaka na tsaye gaban kantar kicin da cokali a hannu. Ta buɗe wannan gwangwanin ta shinshina ta mayar, ta buɗe wancan. Ta ɗauko gishiri ta daɗe tana kallonsa. Bakinta na motsi kamar mai ƙirga, sai ta tsaya, ta sake daga farko. Can ta juya ga tukunya, ta tsoma cokalin ba komai a cikinsa, ta juya sau uku, hawaye na bin kumatunta. Ta goge da gefen mayafi, ta gyara fuska, ta nufi ƙofa za ta buɗe.

Kayan shanyar suka zube daga hannun Amal.

Da ta shigo, kallo ɗaya Kaka ta yi mata ta san an gan ta. Ta nemi kujera ta zauna. Ba ta yi musu ba. Ta ce shekara biyu ke nan abin ya ɓace mata. Wata safiya ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta tarar babu shi a kanta, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Ta yi addu'a, ta yi sadaka, ta ce gobe zai dawo. Daga baya sunayen mutane ma suka fara bi. Tsoronta kada Suwaiba ta ji ta kai ta wajen likita a ce ta ruɗe, a raba ta da kicin ɗinta. Da aka sa ranar biki kuwa sai barci ya gagare ta, don ranar lalle na zuwa kuma ba ta da abin da za ta raɗa wa jikarta a kunne.

"Ni na kira Sha'aban. Na ji kin ce aikinsa gane abin da ke cikin abu. Ni na hau kujera na ɗauko kwalbar na ba shi, na sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, har ke. Yana zuwa ran Laraba da 'yan ƙulle-ƙulle ina shinshinawa, ko Allah zai sa in tuna."

"Amma Kaka na tambaye ki... kika ce rabonki da shi tun azumi."

"Ina sane na faɗa. Kunya ce, Amal. Matar da aka goge kujera don ta dafa ba ta sunkuyar da kai ba, sai yau zan ce wa jikata ban san man da na haɗa da hannuna ba?"

Amal ta zube a ƙasa ta kifa kai a cinyarta. Da kyar ta iya faɗin abin da ta aikata. Kaka ta saurara har ƙarshe, hannunta ya tsaya cak a kan gashin Amal, sannan ta ce a fito mata da atamfarta mai ruwan goro da babbar rigar sanyi, Juma'a za ta Manchester.

A ranar Amal ta sake rubuta wa malamar cewa ta janye ƙorafinta. Aka amsa mata cikin ladabi cewa an riga an buɗe magana, zama yana nan. Ta kira Sha'aban sau bakwai bai ɗauka ba. Suwaiba da ta ji komai sai ta shige banɗaki ta daɗe, ta fito ido jajur. Ita da take jinyar tsofaffin mutane shekara talatin, ta kasa ganin abin a jikin uwarta.

A jirgi Kaka garau take. Tana ta bitar jawabin da za ta yi da Turancinta na mutanen da, tana gyara ɗaurin ɗankwali, har da cewa za ta ja kunnen malamar. Amma tafiyar ta yi mata nisa. Cunkoson tasha da ƙarar motoci suka gajiyar da ita, kafin su isa ginin ta yi shiru, ta riƙe hannun Amal gam.

Sha'aban na zaune a benci a bakin ɗakin zaman, cikin rigar da Amal ta zaɓa masa. Ya rame a kwana shida. Ganinsu ya miƙe, bai kalli Amal ba, ya durƙusa gaban Kaka ya gaishe ta.

Kaka ta dube shi sama da ƙasa, da fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Matarka ka kawo kitso? Ka ce mata ta zagayo ta ƙofar baya, ɗana. Mai gidan ba ya son ganinmu a ƙofar gaba."

"To, Hajiya. Zan gaya mata."

Ya kama ta ya zaunar da ita a bencin, ya gyara mata rigar sanyi. Sannan ya juyo ga Amal, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ba za a shigar da ita ba. Amal ta ce ai don shi Kaka ta zo, in sun gan ta da idonsu magana ta ƙare.

"Shi ya sa. Wata huɗu ina rufa mata asiri, ba zan bari a zaunar da ita gaban baƙi suna kallonta suna rubutu ba. Gara su kore ni."

Amal ta tsaya tana kallonsa. Wannan shi ne mutumin da ta kira ɓarawo a rubuce, da Turanci mai kyau. Kunya ta rufe ta. Ta ce ya zauna da Kaka, ita za ta fara shiga.

Mutum uku ne a ɗakin. Ta gaya musu mai kayan ce ta ba shi da hannunta, ita ce ta yi zargi ba ta bincika ba, kuma duk abin da ta rubuta game da kamfani daga kanta ta ƙirƙiro shi. Suka yi mata tambayoyi, suka rubuta. Malamar ta ce za a yi masa gargaɗi don ya shigar da abin da ba a yi wa rajista ba ɗakin bincike, amma zai koma bakin aikinsa. Amal ta fara sauke ajiyar zuciya, sai matar ta ƙara da cewa, bisa ƙa'ida, duk abin da ba shi da rajista an zubar da shi tun ranar Litinin.

Da kyar ta gane hanyar ƙofa.

Kaka ta yi barci, kanta a kafaɗar Sha'aban, yatsunta riƙe da hannun rigarsa. Amal ta durƙusa a gabansa a kan daɓe, ɗalibai na wucewa suna satar kallo, ba ta damu ba.

"Sun zubar... Ka riga ka gano?"

Ya girgiza kai. "Gwajin ƙarshe sai ran Talata ya kamata in yi, ranar na yi booking ɗin na'ura."

"Babu saura? Ko kaɗan?"

"Duk abin da ke kwalbar na kwashe. Babu."

Sai a lokacin kukan ya zo mata, tana toshe baki kada ta tashi Kaka. Abin da tsohuwar nan ta tsare shekara sittin, wanda mai kantin magani bai samu ba, ita jikarta ta zubar da shi da wasiƙa ɗaya. Ta ce ya yafe mata. Ta ce ta san ba ta cancanta ba, in ya ce ya fasa ba za ta ga laifinsa ba, ita da kanta za ta gaya wa mutane dalili.

Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Ba korar ce ta dame ni ba, Amal. Shekara biyu muna tare, amma kwana ɗaya ya ishe ki ki yarda ni ɓarawo ne."

"Na sani, masoyina... na sani."

"Ban huce ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, zan daɗe ban huce ba." Ya ɗago ya dube ta a karon farko. "Amma ban fasa ba."

Aka buɗe ƙofa aka kira sunansa. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, Kaka ta ƙara damƙe rigarsa cikin barci. Ya dubi mai kiran ya ce don Allah a ba shi minti biyar. Amal ta tashi ta zauna a ɗaya gefen, ta zare yatsun Kaka ɗaya bayan ɗaya daga rigarsa, ta mayar da kan tsohuwar kafaɗarta. Ya ce su jira shi, shi zai raka su Birmingham, don matakalar tashar ta fi ƙarfin Hajiya.